Ajin ɗinki ko lambun haɗin gwiwa: da wanne cibiyar taimako za ta fara?

Cibiyar taimakon al'umma a ƙauye, idan kuɗinta kaɗan ne, dole ta zaɓi ɗaya ta fara da shi.

Ajin ɗinki ba ya jiran damina. Keken ƙafa irin Butterfly ba ruwansa da wutar lantarki, mutum biyu ko uku za su iya karɓa-karɓa a kai. Ana farawa da miƙe layi a takarda ba zare, sannan kalmasa, sannan yanka. Inda yake cijewa shi ne ranar yaye ɗalibai: wadda ta koma gida ba keke, cikin 'yan watanni hannunta ya mutu.

Lambu kuwa ruwa ne ransa. A tabbatar rijiyar tana kai watan Afrilu kafin a sayi iri, a kuma kewaye filin da shinge, don awaki kan cinye aikin wata guda a yini ɗaya. Faɗin kowane gado kada ya wuce mita 1, yadda za a yi ciro ba tare da taka ƙasar ba. Alayyahu yana isa yanka cikin mako 4. Tumatir kan yi kusan wata a gadon reno, a dasa shi da yamma, tazarar santimita 50. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, sai wanda ya ruɓe. A riƙa duba ganye saboda tsutsar sharon, wadda ta cinye tumatirin Kano a 2016.

A ganinmu, inda ruwa ya tabbata lambu ne gaba, muddin an rubuta jadawalin ban ruwa da sunan mai kowane gado.