Bitar Kwas ɗin Tsaron Intanet a Wata Cibiya ta Titin Gidan Zoo

Cibiyar tana saman wani bene a titin Gidan Zoo da ke Kano, kuma kwas ɗin da take tallatawa ya kasu gida biyu: koyon kutse da izini, wato gano raunin kwamfuta kafin ɓarawo ya riga mai ita, da koyon tsare ta. Na halarci ajin yamma tare da ɗaliban jami'a da wasu masu gyaran waya daga kasuwar Farm Centre.

Ɓangaren kutsen shi ne ƙarfin wurin. Tun makon farko kowa ya girka Kali Linux, tsarin kwamfuta mai ɗauke da kayan gwajin kutse, a cikin VirtualBox, manhajar da ke kunna kwamfutar gwaji a cikin ta gaske, aka ba mu wata na'urar gwaji mai suna Metasploitable, wadda da gangan aka gina ta cike da rauni domin atisaye. Malamin yana da wata ƙa'ida da na yaba: bayan ka leƙa ƙofofin na'ura, wato hanyoyi masu lamba da bayanai ke shiga da fita ta cikinsu, da manhajar Nmap, ba zai bar ka ka taɓa Metasploit, manhajar kai harin, ba sai ka faɗa masa da bakinka aikin kowace ƙofa da ka tarar a buɗe. Darasin ƙofa ta 445 ya fi kowanne armashi. Ya kafa tsohuwar Windows 7 da ba a sabunta ba, muka shige ta da EternalBlue, dabarar kutsen da ke amfani da raunin da muguwar manhajar WannaCry ta bi a watan Mayun 2017 har ta durƙusar da asibitoci a Ingila, alhali kamfanin Microsoft ya fitar da gyaransa tun watan Maris. Daga nan ya saka gyaran a gabanmu, ya ce mu sake gwadawa, kowa ya buga umarninsa, babu wanda ya shiga. Haka aka bi da mu a kan shafin gwaji na DVWA, inda muka yi amfani da manhajar Burp Suite muka cusa umarnin SQL, wato harshen da ake tambayar rumbun bayanai da shi, a gurbin da aka tanada don rubuta lambar mai amfani, sai ga sunayen masu rajista sun zubo a allo.

Sun kuma kyauta da suka ware zama guda kan dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa kwaskwarima a 2024, suka nanata cewa ba a taɓa na'urar kowa sai da rubutaccen izini. A garin da ake saurin kiran duk matashi mai baƙin allo ɗan Yahoo, wannan ba ƙaramar kariya ba ce.

Inda cibiyar ta gaza shi ne ɓangaren tsaro, wanda aka tura ƙarshe aka yi shi a gurguje. An nuna mana Wireshark, manhajar duba bayanan da ke zirga-zirga tsakanin na'urori, sama-sama, an ambaci Wazuh, manhajar sa ido kan hari, ba tare da mun girka ta ba, kuma ba a zaunar da mu mun karanta bayanan da na'ura take ajiyewa domin mu gano sawun harin da mu kanmu muka kai ba, duk da cewa kayan aikin suna gabanmu. A ganina nan ne abincin ɗalibi yake, domin bankuna da kamfanonin sadarwa sun fi neman mai gadi a kan mai fasa ƙofa, musamman bayan dokar kare bayanai ta 2023. Ko matsalar da ta addabi 'yan kasuwar Kano, irin ƙwace WhatsApp ta hanyar yaudarar mutum ya bayar da lambobi shida da aka turo masa, ba ta samu zama ba.

Wuta ba ta ba mu matsala ba saboda akwai sola, amma intanet ɗin yana jan ƙafa idan aji ya cika. Wanda kwamfutarsa ba ta kai RAM 8GB ba zai sha wahala wajen kunna na'urorin gwaji biyu a tare, wanda kuma bai san adireshin IP, wato lambar da ake gane na'ura da ita a sadarwa, ba gara ya fara da darasin sadarwar kwamfutoci. Kuɗin ba kaɗan ba ne, don haka kafin mutum ya biya, ya nemi a nuna masa jadawali a rubuce, ya ga makonni nawa aka ware wa tsaro.