Keken tsere na Canyon Endurace a titunan Legas: araharsa da ɗawainiyarsa

Canyon kamfanin kekuna ne na ƙasar Jamus, a garin Koblenz, kuma an san shi da sayarwa kai tsaye ba ta hannun dillalai ba. Ka shiga shafinsa na intanet, ka zaɓa, ka biya, a rufe maka keke cikin kwali. Ribar da mai shago zai ci ita ake sauke maka, shi ya sa kuɗin da zai saya maka keke mai giyar Shimano Tiagra a shago, sau da yawa a nan mai 105 zai ba ka, wadda ta ɗara ta da mataki guda. To amma wanda aka cire masa mai shago, aikin shagon ya dawo kansa: awo, haɗawa, gyara da neman kayan canji. Kuma a Legas wannan aiki ya fi na Turai nauyi.

Cikin kekunansu, Endurace na aluminiyam ne ya fi dacewa da titunanmu. Zamansa bai kai na keken gasa duƙawa ba, don haka kana ganin ɗanfo da ɗan acaba tun daga nesa, wuya da baya ba sa ƙagewa bayan awa uku. Firam ɗinsa na ɗaukar taya mai faɗin milimita 35, kuma wannan shi ne babban abin yabonsa a garin da rami da yashi da murfin kwata ba sa ƙarewa. Birkinsa na faifai ne mai aiki da mai, yana kamawa cikin ruwan Yuni da Yuli kamar yadda yake kamawa da rani, saɓanin birkin roba da ke sulɓewa a kan jiƙaƙƙen rim. Batun nauyi kuwa kada ya dame ka. Yana kusa da kilo tara zuwa goma, Legas kuma shimfiɗaɗɗiya ce. Hawan gadar Lekki zuwa Ikoyi ba zai sa ka yi kewar keken kabon, wanda ya fi aluminiyam rashin nauyi, ba. Aluminiyam in ya bugu za ka ga loɓawar da idonka, kabon kuwa yana iya tsagewa ta ciki bai nuna ba.

Inda aka fi yin asara shi ne girman keke. Shafin zai tambayi tsayinka da tsawon ƙafarka daga matsematsi zuwa ƙasa. Ka cire takalmi, ka jingina da bango, ka matse littafi tsakanin cinyoyinka ka ɗaga shi sama sosai kamar kana zaune kan sirdi, wani ya auna daga ƙasa zuwa saman littafin. A yi sau uku. Awon Canyon yana da ɗan girma, wanda ya saba da M a wani kamfani zai iya tarar S ne nasa a nan, don haka kada ka bi harafin tsohon kekenka. In ka faɗo tsakanin biyu, ƙaramin ya fi sauƙin gyarawa. Kamfanin yana karɓar keke in an mayar cikin kwana 30, amma daga Legas kuɗin mayarwar kaɗai ya isa ya cinye duk rangwamen da ka samu.

Farashin da ke shafi ma ba shi ne farashinka ba. In ka tura keken adireshin masu kago a Jamus ko Ingila, da harajin can ka biya shi, kashi 19 cikin ɗari a Jamus, kashi 20 a Ingila. Sannan masu kagon jirgin sama ba nauyin kaya kaɗai suke dubawa ba, har da girman kwali: tsawo sau faɗi sau kauri a santimita, a raba da 6,000. Kwali mai 135 da 80 da 25 za a caje shi kamar kilo 45, alhali ko rabin haka bai kai ba a sikeli. Ga kuɗin kwastam, ga harajin kaya na kashi 7.5, ga canjin Yuro da ba ya zama wuri ɗaya. Ka sa mai kago ya rubuta maka jimillar har zuwa hannunka kafin ka biya. In da ɗan'uwa mai dawowa da zai shigo da shi cikin kayansa, a tambayi kamfanin jirgin sharaɗinsa kan keke tukuna.

Ranar da kwali ya iso, a ɗauki hotonsa ta kowane ɓangare kafin a buɗe. Haɗawa ba ta wuce minti arba'in ba: ɗaura kan keke, sa wilin gaba, sa sandar sirdi. Kamfanin yana haɗowa da ƙaramin alanki mai auna ƙarfin ɗauri, kuma adadin yana rubuce a jikin kowane wuri, galibi 4 zuwa 5 Nm, wato ma'aunin ƙarfin ɗauri, a notocin kan keke. Ka bi lambar. Sandar fok, wato abin da ke riƙe wilin gaba, ta kabon ce, wanda ya ɗaure ta da ƙarfin damtse zai murƙushe ta. Kada a matsa birki kafin a sa wili, domin takalman za su haɗe su hana faifan shiga. Feda ba ta zuwa da keken, sai ka saya daban. Ta hagu baibai ake ɗaura ta, a shafa wa zaren giris. Tsayin sirdi: awon ƙafarka sau 0.883, daga tsakiyar inda fedoji ke juyawa zuwa saman sirdi. Kafin a shiga titi, a samu layi marar cunkoso a taka a ja birki a hankali sau ashirin, don takalmi da faifai su saba, in ba haka ba zai riƙa kuka.

Yanzu ga abin da ya kamata ya shigo cikin kwali ɗaya da keken. Na farko maratayin giyar baya, ɗan ƙarfen nan da ke riƙe mai sauya giya. An yi shi ne don ya lanƙwashe in keke ya faɗi, ya ceci firam, kuma kowane firam da irin nasa. Ka sayi biyu. In babu shi, keke mai tsada sai ya yi wata biyu a jingine. Sai takalman birki saiti biyu, sarƙa ɗaya daidai da yawan giyarka, 11 ko 12, tib uku masu siririn bawul, da famfo mai agogo. Mai facin bakin titi a Agege ko Obalende bakin famfonsa na bawul ɗin mota ne, ba zai shiga naka ba sai da ɗan mahaɗin da ake murɗawa a kai. Ka ajiye shi cikin jakar sirdi. Wasu kekunan Canyon kuma sandar fok ɗinsu ta fi wadda aka saba kauri, inci 1 da kwata, don haka wuyan da ke riƙe kan keke ba kowanne zai shiga ba. Ka duba naka kafin ka sayi wani.

Iskar taya: mai kilo 70 zuwa 75 a kan taya mai faɗin milimita 32, tsakanin 55 da 65 a ma'aunin PSI na agogon famfo ya wadatar. In ta yi ƙasa da haka, bakin rami zai matse tib da rim ya yi huji biyu kamar saran maciji. In ta yi yawa, keken zai riƙa tsalle, hannu ya mutu.

Abokan gabar keke a Legas uku ne: yashi, iskar teku mai gishiri, da gumi. Yashi yana haɗuwa da man sarƙa ya zama kamar magogi, don haka a goge sarƙa da tsumma bayan kowace fita, a ɗiga mai kaɗan, a sake gogewa. In ma'aunin da ke gwada miƙewar sarƙa ya nuna 0.5 a canza ta, domin sarƙar da ta miƙe tana cinye haƙoran giyar baya, su kuma sun fi ta tsada. A yi hattara da jabun sarƙar Shimano, suna yawo a kasuwa cikin kwali mai kyau. Gumi yana gangarawa cikin boris ɗin wuya ya sa tsatsa, sai a buɗe a sa giris duk wata shida. Kada a kai keke wajen masu wankin mota. Ƙarfin ruwan injinsu yana kore giris daga boris. Kuma ka tsaya a kan bakanike in zai taɓa birki: birkin Shimano man ma'adinai kaɗai ake zuba masa, man birkin mota yana kumbura robobin ciki ya lalata birkin gaba ɗaya.

Ga wanda ke fita da asubar Asabar ya zaga Ikoyi da Bikitoriya Ailan, ko ya miƙa hanyar Epe kilomita sittin zuwa ɗari, kuma ba ya ƙyamar riƙe alanki, wannan keke ya cancanci kuɗinsa har bayan an haɗa kago da kwastam. Garantin shekara shida da ke kan firam ga mai saye na farko abu ne mai kyau, sai dai cin moriyarsa daga nan yana nufin hotuna, saƙonni da jira. Wanda zirga-zirgar kasuwa yake so, daga Idi-Araba zuwa Mile 12, ya nemi ɗan Kwatano mai birkin waya da giya takwas, wanda kowane mai gyaran keke zai kwance ya mayar.