Kafin Ka Zaɓi Inbata, Fara Leƙa Mitarka

Mai shirin sa sola a gida yakan fara da lissafin farantai, guda nawa, kowanne wat nawa. Da za a bi ta tawa, mitar da ke manne a bango za a fara dubawa, don ita ke yanke hukuncin ko kuɗin inbata zai yi rana.

Tukuna, ga ire-iren inbata da ke gabanka. Babbar inbata guda ɗaya tana haɗa farantai a jere, wutar DC, wato irin wadda farantai ke samarwa, ta gangaro daga rufi da ƙarfin da kan kai ɗaruruwan volt. Ta fi araha, tana ƙasa, mai gyara ba sai ya hau tsani ba. Matsalarta inuwa: reshen bishiya ko tankin ruwa ya rufe faranti ɗaya, sai 'yan'uwansa su ji a jikinsu. Ƙaramar inbata kuwa, wato maikuro, ƙarƙashin kowane faranti ake ɗaure ta, ta mayar da wutar zuwa AC, wato irin wadda gida ke amfani da ita, tun a can sama, kowa tasa ta fisshe shi. Rufin da ya kalli gabas da yamma ya fi dacewa da ita, kuma kana iya ƙara faranti ɗaya-ɗaya. A cikin kamfanonin da ke ƙera ta, Enphase na ba da garantin shekara 25 a wasu ƙasashe, Hoymiles da APsystems kuma suna da mai ɗaukar faranti biyu ko huɗu. Akwai kuma tsari na tsaka-tsaki irin na kamfanin SolarEdge, inda ake ɗaura wa kowane faranti 'yar na'urar daidaita wutarsa, amma shi ma sai da babbar inbata.

Sai dai abin da masu talla ba sa saurin faɗi: yawancin maikuro ba sa aiki sai da wutar kamfani. Da an ɗauke wuta, cikin daƙiƙa biyu sun mutu, ko da rana na tsaka. Da gangan aka yi su haka, don kada wuta ta koma layi ta kashe ma'aikacin da ke kan turke. In ɗauke wuta ce damuwarka, inbata mai haɗa batir ta fi maka.

To, mita. Da tsakar rana farantai kan samar da fiye da abin da gida ke sha, rarar ta fita waje zuwa layin kamfani. Tsohuwar mita mai faifai tana iya juyawa da baya, kamfanoni da yawa kuma ba su yarda da hakan ba. Wasu mitocin dijital ba su san shiga da fita ba, duk abin da ya ratsa su lissafawa suke, sai ka biya kuɗin wutar da kai ka bayar! Wasu masu kati ma sukan ɗauka an taɓa su ne, su yanke. Wadda ake so ita ce mai ƙirga fuska biyu. Danna maɓallinta: a yawancinsu lamba 1.8.0 wutar da ka sha ce, 2.8.0 wadda ka tura. Ganin 2.8.0 ma bai isa ba, sai kamfani ya ba ka amincewa a rubuce cewa zai karɓi rarar.

In sun ƙi karɓar rarar, nemi tsarin hana fitarwa. Ana maƙala wani ɗan zobe, CT, a babbar wayar shigowa, yana aunawa, inbata na rage ƙarfi daidai da buƙatar gida. Tambayi mai sayarwa ko akwatin sarrafa maikuron yana cikin farashin, don in babu shi, babu wannan aiki. Ranar haɗawa kuma tsaya a kansa ka ga inda kibiyar zoben ta kalla, in aka juya ta, lissafin duka ya birkice.