CSQUDMSG: abin da nake leƙa cikin saƙonnin MQ da shi a kan z/OS

IBM MQ manhaja ce da ke kai saƙonni tsakanin manhajoji ta layuka (queues), z/OS kuwa tsarin aikin manyan kwamfutocin IBM ne. Allunanta na ISPF (allon aiki na z/OS), waɗanda ake buɗewa da CSQOREXX, za su gaya maka saƙo nawa ne a layi, su nuna maka wace manhaja ce ta buɗe shi, amma ba za su nuna maka cikin saƙo ko ɗaya ba. Umarnin DISPLAY QUEUE ma iyakarsa ke nan. Ranar da layi ya cika, masu manhaja suka matsa suna tambayar me ya maƙale, sai ka nemi wani kayan aikin. Ni dai wanda hannuna ke fara kaiwa gare shi CSQUDMSG ne, kuma a kansa zan yi magana.

Asalinsa qload ne, wanda Paul Clarke ya rubuta aka riƙa rabawa a matsayin SupportPac MO03. Da sigar MQ ta 8 ta fito a 2014 sai aka shigar da shi cikin MQ ɗin kansa da sunan dmpmqmsg. A kan z/OS yana cikin laburaren SCSQLOAD da sunan CSQUDMSG, ana iya kiransa QLOAD, kuma akwai samfurin JCL (yaren da ake tura aiki da shi a z/OS) mai suna CSQ4QLOD a cikin laburaren SCSQPROC. Ba ka girka komai, ba ka roƙon kowa ya buɗe maka hanya ta cibiyar sadarwa. Ka kwafi samfurin, ka sa sunan manajan layi bayan -m, sunan layi bayan -i, inda kake so a zuba sakamako bayan -f, ka tura aikin.

Abin da ya sa na amince da shi shi ne yana nuna saƙo yadda yake kwance, ba ya yi masa kwalliya. Kowane saƙo yana fitowa da layuka masu farawa da harafin A, su ne bayanan kan saƙo na MQMD: A FMT na nuna tsarinsa, A CCS lambar haruffan da aka rubuta shi da su, A ENC yadda aka jera lambobi, A MSI lambar shaidar saƙon mai bayit 24, A BOC sau nawa aka ɗauke shi aka mayar. A ƙasansu sai layuka masu farawa da X, gangar jikin saƙon ke nan a heks, wato kowane bayit da alamomi biyu daga 0 zuwa F. Sau da yawa kafin in kai ga jikin ma na gano ciwon. Idan na ga A CCS 1208 da A ENC 546 a layin da manhajar COBOL ke jira, na san saƙon daga wata na'ura ya zo da UTF-8, kuma in manhajar ba ta nemi a juya mata shi ba, shirme za ta karanta. Abin da z/OS ta haifa da kanta yakan zo da 785 a ENC, da 500 ko 37 ko 1047 a CCS. Idan kuma BOC ya yi ta hawa, to saƙon ne ke kayar da manhaja, tana ɗauka tana faɗuwa yana komawa, duk na bayansa suna jira.

Heks ɗin nan da sababbin shiga ke gudu, shi ne amfanin abin. A EBCDIC, tsarin haruffan z/OS, gurbin tsakanin kalmomi 40 ne, harafin A kuwa C1, lambobi daga F0 zuwa F9. Kayan aikin da ya ɗauka ASCII yake karantawa zai cika maka allo da alamar @, don 40 a wajensa @ ce. Ga kuma filayen COMP-3, masu cusa lambobi biyu a bayit ɗaya, da suka cika saƙonnin COBOL. Adadin 1234.50 a filin S9(5)V99 bayit huɗu ne kacal: 01 23 45 0C, harafin C na ƙarshe na nufin adadin ba bashi ba ne, da D ne da ya zama ragi. Babu allon rubutu da zai nuna maka wannan daidai, amma a layin X kana ganinsa ƙuru-ƙuru. Akwai -c na juya haruffa yayin karantawa, sai dai ni ba na taɓa shi a karon farko. Ana samun masu manhaja da ke liƙa wa saƙo tambarin MQSTR, wato rubutu zalla, alhali akwai COMP-3 a ciki, to juyawar za ta ɗauki lambobin nan a matsayin haruffa ta dagula su, ka zauna kana bin laifin da ba ya nan.

Wajen tace saƙonni ma ya yi. Da -r za ka ce daga na kaza zuwa na kaza kawai kake so. Da -e za ka nemi kalma a EBCDIC, -s a ASCII, -x a heks, -g kuma ya zaƙulo maka saƙo da lambar shaidarsa. A layin da ya tara dubban saƙonni wannan ne ke raba ka da zubo duka kana gungurawa.

Yanzu ga inda raina bai kwanta ba, kuma ina so duk mai karanta wannan ya tsaya a nan. Ƙaramin -i leƙawa yake yi ya bar saƙo a wurinsa. Babban -I kwashewa yake yi. Tsakanin dubawa da share layi, girman harafi ɗaya ne. A kan Linux wannan da sauƙi, amma a z/OS yawancinmu muna gyara JCL ne a editan ISPF da CAPS ON, wanda ke mayar da duk abin da ka rubuta manyan baƙaƙe da zarar ka danna Enter. Ka rubuta -i, editan ya mayar maka -I, idonka na kan sunan layi. Saƙonnin za su sauka a fayil, ana iya mayar da su, amma kafin nan ka cire su daga gaban manhajar da ke jiransu. A ganina zaɓin da ke kwashe kaya ya cancanci kalma cikakkiya, ba harafi ba. Irin wannan tarkon yana nan a samfuran da ke zuwa da MQ: CSQ4BCG0 leƙawa yake yi, CSQ4BCG1 kwashewa.

Maganin da na dogara da shi ba kaifin ido ba ne, RACF ne, manhajar tsaro mai raba izini a z/OS. A ajin MQQUEUE, izinin READ ya isa a leƙa layi, ɗauke saƙo kuwa sai da UPDATE. Ka tura aikin dubawa da sunan mai amfani da READ kaɗai yake da shi. Ko editan ya canza harafin, abin da zai dawo maka shi ne 2035, lambar da ke nufin ba ka da izini, layi yana nan yadda yake. Sannan ka sa CAPS OFF a wannan JCL ɗin, ka sake karanta PARM, inda ake rubuta zaɓuɓɓukan nan, kafin ka tura. Ka tuna kuma PARM na JCL haruffa 100 kawai yake ɗauka, sunan layi kuwa yana iya kaiwa 48.

Wani abin da ke ruɗa mutane, kuma ba laifin kayan aikin ba ne: CURDEPTH, ƙirgan saƙonnin da ke layi, ya ce akwai saƙonni, CSQUDMSG ya fito da ƙasa da haka ko ma babu. CURDEPTH yana ƙirga har saƙon da aka ajiye ba a tabbatar ba tukuna, mai leƙawa kuwa ba ya ganinsa sai an tabbatar. Wanda wa'adinsa ya ƙare ma yana iya zama cikin ƙirga na ɗan lokaci. Lokacin ajiye saƙo da ke A PTT kuma na GMT ne, kada ka gwada shi da agogon bangonka.

MQ Explorer ya fi shi daɗin kallo, ba musu, kuma ina buɗe shi idan saƙon XML ne ko JSON. Amma sai an tanadi tashar SVRCONN da za a haɗa shi da manajan layi ta cibiyar sadarwa, kuma in ba ka gyara saitinsa ba, saƙo 500 na farko yake nunawa, kowanne bayit 1000 na farko. Umarnin COPY na CSQUTIL, wani kayan aikin MQ, kuma yana so a ce babu mai amfani da layin, abin da da wuya ka samu da tsakar rana. Inda CSQUDMSG ya gaza da gaske shi ne bai san copybook ba, wato fayil ɗin COBOL da ke bayyana tsarin filayen saƙo. Saƙo mai filaye tamanin, sai ka ajiye copybook a gefe kana ƙirga bayit da yatsa. Idan wurin aikinku na da File Manager, shi yana iya ɗora copybook a kan saƙo ya raba maka filayen da sunayensu, kuma a irin wannan aikin gara shi.

Sakamakon da ka zubo kuma bayanan mutane ne: sunaye, lambobin asusu, adadin kuɗi. Kada ka bar shi a SYSOUT, wurin da sakamakon aiki ke fita, inda duk mai shiga SDSF (allon duba ayyuka) da izinin ganin aikinka zai karanta. Ka zuba shi a fayil mai kariyar RACF daidai da ta layin, ka goge shi da zarar bincike ya ƙare.