Shagon da na sayi farar mesa a Jamus, tauraro uku na ba su

Ni dai tun ina yaro a zangon Kumasi nake son maciji, in gardi ya shigo unguwa to ranar babu makarantar allo sai dai a zane ni. Da na zauna a Jamus na ga mutane na ajiye mesa a falo kamar mage sai na ce nima fa sai na yi. Ƙaramar mesar nan ce da suke cewa ball python, wadda in ta tsorata take dunƙulewa kamar ƙwallo, abin dariya kuma asalinta wajenmu ne, daga Ghana da Togo da Benin ake lodinta zuwa Turai da Amurka, su kuma su yi ta haɗa su suna fitar da kaloli iri iri, tun 1992 da Bob Clark ya ƙyanƙyashe zabiya ta farko a Amurka kasuwar kala ta buɗe.

Shagon kam tsaf tsaf, ba wari ko kaɗan, kowace mesa da akwatinta da hita, an manna takarda mai ranar ƙyanƙyasa da ranar da ta ci ɓera na ƙarshe. Na ɗauki wata fara sol mai shuɗin ido yuro 280, suka haɗa min da takardar shaidar cewa a nan aka haife ta ba daga daji aka kamo ta ba. Nan ba ni da ƙorafi.

Sai bayan kamar sati biyu ina kallonta ta gefe na ga idanun sun firfito tulu tulu, na hagu ma ya fi, kamar an liƙa mata dutsen ado a kai. Na ɗauka saɓa ce ta maƙale, tunda maciji ba ya da fatar ido da zai ƙifta, wani ɗan murfi ne garai garai a kan idon da ke fita tare da saɓa. Likitan dabbobi ya haska ya ce ba ciwo ba ne haka aka haife ta, sai ya tambaye ni su waye iyayenta, na yi tsuru tsuru.

Na koma shagon, sai a lokacin matar da ke shagon ta duba littafi ta ce uwa lesser uba lesser, wato wani nau'in kala da mesa ke gada daga iyaye. To kun san lissafin sikila, AS ya auri AS kowane ciki akwai kaso 25 cikin 100 a samu SS, haka abin yake a nan, wadda ta gaji lesser ta ɓangare biyu ita ce ke fitowa fara, kuma a cikin irinsu ne aka fi ganin wannan firfitowar ido, ba duka ba dai. Masu kiwo da yawa sun fi haɗa lesser da wani nau'in kalar da ake kira mojave, farar za ta fito kuma matsalar ba ta cika zuwa ba. Matar ta san duk wannan sarai, ba ta dai faɗa ba sai da na tambaya, abin da ya ɓata min rai ke nan.

Ga kuma nau'in mesar da ake kira spider har guda uku a shagon, irin da kansu ke rawa su yi ta murɗa wuya, wanda ƙungiyar masu kiwon macizai da ire-irensu ta Ingila, IHS, ta hana sayarwa a bajekolinta tun 2018. Na nuna mata ɗaya tana kallon sama kai a juye ta ce wai halinta ne kawai. Haba baiwar Allah.

Gaskiya sun ce in dawo da ita su canza min, na ƙi, na riga na sa mata suna Madara kuma ɓeranta take ci ba ta kuskure. Ɓera mai ƙanƙara da ƙasar shimfiɗa har yanzu can nake saye don sun fi araha, amma maciji kam sai an fara nuna min littafin iyaye kafin in ciro walat.