Jirgin Kaduna zuwa Legas ko motar tashar Mando, wa ya fi shan mai?

Mutane da yawa da zarar sun ji kuɗin tikitin jirgi daga Kaduna zuwa Legas sai ka ji ana cewa ai dole, jirgi ne fa, mai yake sha kamar ba gobe. To ni dai na hau jirgin, na kuma bi hanya a mota, kuma gaskiya maganar nan sai an ɗan gyara ta.

Shi jirgin ba zan kira sunan kamfanin ba. Kujeru lafiya lau, ma'aikata da fara'a, ruwan roba ɗaya da ɗan biskit, shikenan. Inda suka ɓata min rai wajen lokaci ne, an ce tashin rana sai ga mu har bayan la'asar muna zaune babu wanda ya fito ya yi mana bayani, sai wata murya a lasifika tana ba da haƙuri. Ga filin jirgin kansa ba kusa ba, sai ka wuce Mando ka miƙa ta wajen Afaka, mai tasi kuwa yana ganinka da jaka ya san abin da zai caje ka. Amma da aka tashi, awa ɗaya da 'yan mintuna mun sauka Ikeja.

Yanzu lissafin man. Jirgi ba fetur yake sha ba, Jet A1 ne, dangin kananzir ne da aka tace sosai. Irin Boeing 737 ɗin nan da suka fi yawa a kamfanoninmu yana cin wajen lita 3,000 a awa ɗaya. Eh, lita dubu uku, jin adadin kaɗai sai gabanka ya faɗi. Amma raba shi kan mutum 140 zuwa 150 da ke ciki, kowa bai wuce lita ashirin da ɗoriya ba, ka ƙara na tashi da na gurgurawa a kan titin jirgi, ka ce 25. Tashin nan shi ne inda ya fi zuƙar mai, shi ya sa gajeriyar tafiya ba ta yi wa jirgi daɗi. Kaduna zuwa Abuja misali, kafin ya gama hawa an fara shirin sauka, wannan kam asara ce, gara jirgin ƙasan Rigasa zuwa Idu da ke jan taragai cike da jama'a.

Mota fa? Ta Birnin Gwari, Tegina, Mokwa, Jebba, Ilorin, Ibadan zuwa Legas kusan kilomita 800 ne, in kuma ka zaga ta Abuja da Lokoja saboda tsaro ko lalacewar hanya kamar yadda da yawa ke yi, ka haura 900. Jirgi shi a miƙe yake tafiya, kilomita ɗari shida da wani abu ne kawai a sama, babu kwana babu rami babu shingen bincike. Corolla mai lafiya tana cin kamar lita 8 a kilomita 100, wato lita 65 zuwa 75 kafin ka shiga Legas, wannan ma in ba ka maƙale a bayan tireloli da AC a kunne ba. Kenan Alhajin da ya ɗauki motarsa shi kaɗai ya ƙone kusan ninki uku na abin da fasinjan jirgi ya ƙona, in jif ce mai silinda takwas kuwa kar ma a fara. Ku cika Corollar ku huɗu sai lissafi ya juye, kowa lita 17 ko 18, kun doke jirgi.

Zakarun gaske su ne motocin tasha. Homa mai ɗaukar mutum 15 zuwa 18 za ta ci lita ɗari da ɗan wani abu, kowane fasinja lita 6 ko 7 kenan. Doguwar bas ta dare mai shan dizal da mutum hamsin da wani abu a ciki ta fi haka sauƙi ma. Direbobin nan ba su karanta komai a kan wannan ba amma sun fi kowa sanin sirrin, shi ya sa ko za ka shekara kana tsaki direba ba zai tayar da mota da gurbin mutum ɗaya ba, "Alhaji ka yi haƙuri saura mutum biyu", alhali saura biyar. Sai dai jikinka ne zai biya ragowar, gwiwa a manne da kujerar gaba, buhun wani a ƙarƙashin ƙafarka, a tsaya salla da cin abinci, ka isa Legas washegari kana tafiya a karkace.

To in lita 25 ce kawai, me ya sa tikitin jirgi ya ninka kuɗin mota sau da yawa? Mai yana cin kaso mai tsoka, ba musu, amma gyaran jirgi da kayan gyara da inshora da hayar jirgin kansa yawanci da dala ake biya, ga harajin filin jirgi, kuma kowa ya san yadda naira ta koma tun 2023. Shekarar ce kuma aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, masu motar gida suka fara lissafin da da ba sa yi. Matatar Dangote ta fara fitar da man jirgi da dizal a 2024, tamu ta Kaduna kuwa da aka buɗe tun 1980 sai addu'a.

Makina dai: jirgin na ba shi uku cikin biyar, jinkirin nan ya cinye biyu. In kai kaɗai ne kuma aiki ke jiranka, ajiye motarka a gida ka hau shi, ka dai tanadi caja da haƙuri. In iyali ne ku biyar ko shida, Sienna ta fi muku ta kowace fuska, ku fita da asuba ku tambayi direbobin tasha wace hanya ake bi a satin.