Faifan waƙoƙin bishara na mawaƙan kantiri: wanne ya cancanci kuɗinka?

A Amurka, mawaƙin kantiri, wato salon kiɗan karkara na can, kan yi shekara 20 ko 30 yana waƙar soyayya da rabuwa da wahalar rayuwa, idan furfura ta fara leƙowa kuma sai ya koma wa waƙoƙin da ya tashi yana ji a coci. Mu ma nan ba baƙi ba ne ga irin wannan sauti, domin tun zamanin kaset muryar Jim Reeves ke tashi a gidajen Kirista na Jos da Kaduna da safiyar Lahadi. Amma faifan sun yi yawa, kuma kusan waƙoƙi iri ɗaya ake maimaitawa a cikinsu. Don haka kafin ka biya kuɗi, fara tambayar kanka wa zai saurara, kuma a wane hali.

Idan na gida ne, wanda za a kunna a falo yara da manya su riƙa amshi, babu kamar Precious Memories na Alan Jackson, ɗan jihar Jojiya. Tun farko ma ba don kasuwa aka yi shi ba. Mahaifiyarsa ce ta daɗe tana roƙonsa ya yi mata faifan waƙoƙin coci, shi kuma ya naɗa mata a matsayin kyautar Kirsimeti, daga baya kamfani ya fitar da shi a watan Fabrairun 2006, ya kuma hau matsayi na ɗaya a jerin faifan kantiri. Waƙoƙi 15 ne, gajeru-gajeru, kiɗan bai wuce piyano da jita da ɗan ogan ba. Jackson ba ya ƙawata murya, ba ya jan baiti don a yaba masa. Yadda jama'a ke rerawa a majami'a haka yake rerawa, shi ya sa tsohuwar da ta haddace fassarar waɗannan waƙoƙi a littafin waƙoƙin Hausa za ta iya bin sa da Hausarta ba tare da ta yi tuntuɓe ba. Akwai ma waƙar da matarsa da 'ya'yansa mata suka sa murya a ciki. Aibinsa ɗaya: bai cika sauya tafiya ba, wanda ke neman abin da zai girgiza shi zai iya cewa duk ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Kashi na biyu ya fito a 2013, kuma daga baya an haɗa su biyun a kundi guda, wanda ya fi sauƙi ga aljihu idan ka same shi.

Na Johnny Cash kuwa, My Mother's Hymn Book, wani abu ne daban, kuma shi ne wanda ni na fi so. Cash ya daɗe da burin yin waƙoƙin bishara. Ɗaya daga cikin dalilan da suka sa ya bar kamfanin Sun a 1958 shi ne ba a ba shi damar yin faifan bishara ba, yana komawa kamfanin Columbia kuwa ya fitar da guda a 1959. Shi kuwa My Mother's Hymn Book, Cash ya ɗauko waƙoƙinsa ne daga tsohon littafin waƙoƙin mahaifiyarsa, ya naɗa su tare da furodusa Rick Rubin, shi da jitarsa kawai. Babu ganga, babu 'yan amshi. Kana jin yatsa yana goga tsirkiya, kana jin inda ya tsaya ya ja numfashi kafin ya shiga baiti na gaba. Ya rasu ranar 12 ga Satumban 2003, 'yan watanni bayan matarsa June Carter, faifan kuma ya fara fitowa ne bayan rasuwarsa a cikin akwatin faya-fayai 5 mai suna Unearthed, sannan aka ware shi shi kaɗai a 2004. Shi da kansa ya ce a duk abin da ya naɗa, wannan ya fi kwanta masa a rai.

Sai dai kada ka saye shi don biki ko don doguwar tafiya a mota. Ƙarar inji za ta cinye shi, kuma yawancin waƙoƙin a kan mutuwa da gidan gobe suke. Na mutum ɗaya ne a ɗaki, ko na gidan da aka yi rashi.

Mai son kiɗa cikakke da murya mai tashi sama ya nemi Sing It Now na Reba McEntire, na 2017, wanda ya ci kyautar Grammy a 2018. Faifai biyu ne, ɗaya na tsofaffin waƙoƙin coci 10, ɗaya na sababbi 10. Na farkon ya yi daɗi ƙwarai, musamman inda ta rera tare da mahaifiyarta da 'yan uwanta mata. Na biyun, a kunnena, ya fi kama da waƙoƙin rediyo na zamani, kuma dole ka biya kuɗin biyun tare. Shi kuma Randy Travis, wanda bugun jini ya taɓa masa magana a 2013, a lura da shi: Rise and Shine na 2002 waƙoƙin labari ne na bangaskiya, sai mai jin Turanci sosai zai more su. Mai neman waƙoƙin coci da aka sani ya ɗauki Worship & Faith na 2003.

Akwai gwaji mai sauƙi. Waƙar Softly and Tenderly tana cikin faifan Jackson da na Cash da na Reba. Buɗe YouTube ko Spotify ka saurari ukun a jere: Jackson yana jan ka ka rera tare da shi, Cash yana sa ka yi shiru, Reba kuma da baƙinta biyu, Kelly Clarkson da Trisha Yearwood, suna jera muryoyi har tsigar jiki ta tashi. Wadda ka sake komawa kanta, faifan mai ita za ka saya.

Wajen saye, a yi hankali da faya-fayan haɗe-haɗe da ake manna wa hoton mawaƙi a rubuta waƙoƙin bishara a kai, domin sau da yawa tsintar waƙoƙi ne daga shekaru daban-daban, sautin wata a sama wata a ƙasa. Duba sunan faifan da shekarar da yawan waƙoƙin a bayan kwali. Idan kyauta za ka yi wa Mama ko Baba waɗanda ba su saba da manhajar waya ba, ka nemi na Jackson a CD na asali, ko ka saya ta intanet ka zuba musu a katin waya ko filas da za su sa a rediyonsu.